Barkanmu da Istar 2025, daga Cork a ƙasar Ireland

Mama, Baba, da duk 'yan gida, barkanmu da Ista. Almasihu ya tashi! Na san kun amsa tun kafin ku kai ƙarshen layin.

Yanzun nan na shigo daga coci, ko takalmi ban cire ba na zauna ina rubuta muku, don na kira wayar Yaya har sau uku ba a ɗauka ba kuma ban ji haushi ba sam, na san tana cikin jaka ana can ana rawar godiya. Tun ƙarshen Maris da mutanen nan suka matsar da agogonsu gaba da awa ɗaya lokacinmu ya zama ɗaya da na Kano, to duk abin da nake yi sai in riƙa lissafi, yanzu an shiga, yanzu zumuntar mata sun tashi da tulu da kacau-kacau, yanzu Goggo ta rangaɗa guɗa. Mu kuwa Misa ko awa ɗaya ba ta kai ba, ranar Ista fa. An rera Halleluya a hankali kamar ana tsoron tada jariri. Guɗa ta taso min har maƙogwaro na haɗiye ta. Da aka fito ana yayyafi, sanyi wajen digiri 10, kowa ya buɗe lema ya nufi motarsa, yara riƙe da ƙwan cakulan, wai shi ne abin Istarsu shi da gasasshen naman ɗan rago. Ku kuma na san kuna fama da 40 ko fiye, Allah ya kawo NEPA ko don ruwan sanyi.

Mama masa. Tun jiya ita ce a raina. Ina ta tuna yadda kike jiƙa shinkafar tuwo tun ranar Asabar da safe, Auta ya kai niƙa, ki zuba yis da 'yar dafaffiyar shinkafa ki rufe da faifai, mu tafi Misar dare mu dawo mu tarar ƙullun ya tashi har yana neman zubowa. Da asuba ƙarar mai a tanda ce ke tashinmu, ta farko kullum ta Baba ce, mai ɗan ƙone-ƙonen gefe kuma ni da Yaya muke faɗa a kanta. Ga miyar taushe da kabewar Yankaba da yakuwa da gyaɗa, ƙashin rago ya dahu har ɓargo na fita. Na gwada a nan, na samu shinkafa a shagon 'yan Afirka, na niƙa a bilenda, ƙullun ma ya tashi daidai, amma ba tanda. Na zuba a kaskon suya a kan murhun lantarki sai ta baje fala-fala, ba cibi ba laushin ciki. Kabewarsu ba ta da zaƙin tamu, daddawar da kika ƙulla min ta ƙare tun Janairu. Na ci biyu na rufe sauran. Ba yunwa ce ke damuna ba, kwanukan nan nake son gani jere a tsakar gida, na gidan Hajiya, na gidan Malam mai shago, na maman 'yan biyu, ana aiken yara suna dawowa da tukuici.

Amma abin da na fi so in faɗa muku shi ne yadda azumin bana ya zo min. Kun san mun shiga kusan tare da maƙwabta, su 1 ga Maris mu Larabar Toka 5 ga wata, kuma Ladi ta turo min hoton ƙosai da kunun tsamiyar da Hajiya ke aiko muku da shan ruwa. Ni ranar tokar daga aikin dare na fito, aka shafa min a goshi na hau bas na koma ɗaki, ba wanda zan ce wa sannu da azumi. Shirun ƙasar nan ya yi min nauyi, Mama. A gida ko Hanyar Gicciye muke yi ranar Juma'a akwai janareta, akwai hon ɗin adaidaita, akwai mai ruwa, a nan kuwa har ƙarar firji kana ji.

Sai wata tsohuwa a cocinmu ta tare ni ta tambayi garinmu, ina cewa Kano ta riƙe hannuna da hannu biyu, wai ƙanwar mahaifiyarta sista ce kuma a Kano ta koyar. Ashe sistocin St. Louis da suka zo garinmu a 1948 daga ƙasar nan suka taso, su Fadan SMA masu aikin mishan a Afirka ma gidansu yana nan cikin Cork, ina wucewa ta gaban shi a bas. Ita ta ja ni wani ɗan taron addu'a da suke yi da yamma a ɗakin bayan coci, mu tara ne ko goma, kusan duk sun haife ni. Na tafi da Littafi da rosari ina jiran a ɗauko waƙa. Ba waƙa. Aka kunna kyandir ɗaya, aka ce kowa ya zauna ya miƙe bayansa ya rufe ido, ya riƙa maimaita kalma ɗaya tak a zuciya a hankali, ma-ra-na-ta, har minti 20. Kalmar tana cikin 1 Korantiyawa 16:22, da Aramiya ce, yaren da Yesu ya yi magana da shi, ma'anarta Ubangijinmu ka zo. In tunani ya ɗauke ka ba sai ka yi kokawa da shi ba, ka dawo kan kalmar kawai. Safe da yamma ake so a yi.

Gaskiya da farko hankalina bai kwanta ba, har na samu Fada na tambaye shi ko abin na coci ne. Ya ce tsohuwar hanya ce ta masu ibadar da suka zauna a hamadar Masar, wani John Cassian ya rubuta koyarwarsu wajen shekara 1600 da suka wuce, sai wani Fada ɗan ƙungiyar masu ibada ta Benedictine, John Main, wanda ya rasu a 1982, ya sake fito da ita don talakawa irinmu. Ya buɗe min Matiyu 6:6 inda Yesu ya ce in za ka yi addu'a ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, da ayar da ke biye mata kan yawan surutu. Don haka Mama kar ki damu, ban bar rosari ba, ban shiga wani abu ba.

Makon farko minti 20 ɗin nan kamar tafiyar Kano zuwa Jos. Ina rufe ido sai kuɗin makarantar Auta, sai canjin yuro, sai ƙafar Mama, sai maganar da wata ta faɗa min a wurin aiki wadda na ɗauka na yafe ashe tana nan. A mako na huɗu wata safiya ina zaune a bakin gado hawaye kawai suka fara zuba, ban roƙi komai ba ban faɗi komai ba, na dai ji ba ni kaɗai ba ce a ɗakin. Ba kullum ake jin haka ba, yawanci ma ba a jin komai, amma ban fasa ba har jiya Asabar, kuma gobe ma zan tashi in yi.

Baba, a ranar ne na tuna ku. Kullum bayan kiran asalatu na masallacin layinmu kukan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, Littafi a rufe a kan gwiwa, ido a rufe, baki ba ya motsi, Mama na hana mu wucewa ta wurin da bokiti. Mu yara mun ɗauka gyangyaɗi ne. Na zo har ƙasar Turawa aka koya min abin da na taso ina gani a tsakar gidanmu. Don Allah in na kira anjima ku faɗa min me kuke cewa a zuciya a lokacin, ko ba kwa cewa komai. Ina son ji daga bakinku.

Kun ga Paparoma Francis yau a talabijin? An fito da shi a keken marasa lafiya, muryar da ƙyar take fita, wani ne ya karanta saƙon a madadinsa. Ku sa shi a addu'ar dare.

A gaida Goggo sosai da sosai, a ce mata guɗar da na haɗiye bashi ce, ta yi min ita yau a tsakar gida Ladi ta ɗauka ta turo, kuma ta riƙa shan maganin hawan jininta ko ba ta jin komai, kar ta ce ai ta warke. A gaida Kawu da iyali. Yaya, ka kunna waya mana. Ladi na ga ɗinkin, ya yi kyau, ɗankwalin ne dai ya so ya yi girma. Auta, ɗan Mama, na ji kai ka riƙe gicciye ranar Juma'a a gaban jama'a cikin ranar nan ba ka ko sauke hannu ba, na kalli bidiyon ya fi sau goma, ka girma, ka dage da karatu jarrabawa ta matso, saƙonka yana hanya. A gaida Baba katikis, da 'yan kwaya, da duk zumuntar mata ɗaya bayan ɗaya. A gaida Hajiya a ce ina yi mata barka da Sallah ko da ta wuce da mako uku, ban manta kunun da ta riƙa dama min lokacin da na yi zazzaɓi ba. Malam mai shago ma.

Mama in an samu mai tahowa a saya min tanda ta ƙarfe a kasuwar Sabon Gari, ƙarama mai gida bakwai, a haɗa da daddawa da kuka da busasshiyar yakuwa. Zan sake kira ƙarfe 7, a bar wayar kusa da Baba.

'Yarku.