Yaya, maganar zuwanmu da yara a hutun Afrilu

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kin tashi lafiya, ya yara, ya jikin Hajiya da ƙafar tata? Ranar Lahadi na kira ki har sau uku bai shiga ba, shi yasa nace bari in zauna in rubuta miki komai ki ajiye a waya, don in saƙon murya ne sai wani ya shige wani a manta. Mu nan Ingila Alhamdulillahi, sanyi ne dai ake ta fama, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, ina aikin dare sau uku a sati amma ba komai an saba.

Toh Yaya an yanki tikiti. Abban su Ummi ya biya jiya, ta Alƙahira za mu biyo mu sauka filin jirgin Malam Aminu Kano in Allah ya yarda, hutun Ista ne na makaranta sati biyu kacal. Na san abin da za ki ce, wa yake kawo yara Kano a watan Afrilu, ni ma kwana nake ina juya maganar. Amma kinga a nan ba a cire yaro daga makaranta yadda aka ga dama, tun 2024 tarar ta koma fam 80 kan kowane yaro, kuma uwa daban uba daban, in aka wuce kwana 21 ba a biya ba ta zama 160, ki lissafa mu biyu da yara biyu 'yan makaranta. Babban hutu kuma sai ƙarshen Yuli, tsakiyar damina ga sauro ga tsadar jirgi, ni kuma tunda na ga Hajiya a bidiyon nan na ranar Juma'a yadda ta rame, wallahi ba zan iya jiran Yuli ba. Ƙaramin shekararsa uku bata taɓa ɗora shi a cinya ba.

Na tura miki fam 600 ta hanyar da muka saba, ya kamata ya shiga kafin Laraba. Dan Allah Yaya kuɗin nan kar ya bi ta hannun Auta ko da sisi ne. Ban ce yaron banza bane, ƙanina ne ina sonsa, amma kin san yadda muka ƙare da kuɗin gyaran soro bara, har yau ban ga siminti ba ban ga bayani ba. Ki kira mai solar nan da ya yi wa maƙotanku aiki ya zo ya duba da kanki a tsaye, a ƙara batir a duba inbatar, abin da nake so kawai fanka ta kwana tana juyawa a ɗakin Hajiya da ɗakin da za mu sauka ko NEPA sun kawo ko basu kawo ba, firij kuma ya riƙe sanyi. A sayi fanka mai caji guda biyu, gidan sauro uku sababbi, a gyara ragar tagar nan da ta yage. Ki yi kafin azumi ya kama, kin san da an shiga azumi kowa sola yake nema kaya su tashi. Ko mun tafi ai Hajiya ce za ta mora, dama zafin bara ya dame ni da kika ce a tsakar gida take kwana.

Zafin ne tsorona gaskiya. Yaran nan ranar da ya kai 28 a nan suna ta kuka wai sun narke, to ina ga Kano da ke haura 40 a Afrilu. Mun je asibiti an yi musu allurar shawara an bamu katin, an yi ta sanƙarau tunda lokacinsa ne, maganin maleriya kuma tun kafin mu taso za su fara sha. Zan taho da ORS da man ƙurajen zafi da huluna. Abin da nake roƙo a gida shi ne daga sha ɗaya na safe zuwa la'asar ba mai fita da su, ko waye, ko da kuwa Baffa ne ya ce a kawo masa su ya gani, a bari sai rana ta yi sanyi. Kar yaran gida su ja su bin mai ƙanƙara ko zoɓon ƙulli a titi, in zoɓo ne ki dafa musu da kanki ko kunun aya, da ruwan roba.

Maganar ruwan nan ita ce ban san yadda zan faɗa wa Hajiya ba, ke za ki taya ni. Kin san ta, da sun shigo za ta ɗebo na randa a moɗa ta miƙa musu, kuma wallahi babu ruwan da nake kewa kamarsa, da shi ta raine mu duka. Amma cikinsu bai saba ba, kwana uku na gudawa a zafin nan ya isa ya kwantar da yaro, hutun duka nawa yake. Bana so ta ji kamar na raina abin da ta shayar da mu. Ko a wanke ƙaramar randar nan a riƙa juye ruwan roba a ciki, ta basu da hannunta, kinga shikenan kowa ya huta.

Ga yadda muka tsara. Kwana huɗun farko ba inda za mu, a gida za mu zauna su saba da iska su saba da kakarsu, masu zuwa gaisuwa su zo. Bayan nan cikin gari kaɗan-kaɗan da sassafe, rana ɗaya Dutsen Dala da an idar da asuba kafin dutsen ya ɗau zafi, rana ɗaya Gidan Makama, sai marinar Ƙofar Mata, Ummi ta yi aikin makaranta a kanta ta rubuta wai tun 1498 ake rini a wurin, malamarta har ta manna a bango, yanzu so take ta ga ruwan baba da idonta ta rina ɗankwali. Kurmi ni kaɗai zan shiga da ke, cunkoson ya yi musu yawa. Haushina ɗaya sallah ta riga ta wuce kafin mu iso, ba za su ga hawa ba, ɗana Abba kuwa kullum dawakai yake kallo a waya.

Sai Yankari, kwana biyu. Abbansu ne ya dage, a Bauchi ya yi makaranta, kullum yana basu labarin ruwan Wikki, ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse garau kana ganin ƙasa, ɗuminsa 31 rani da damina. Ya ce da rani ne ma aka fi ganin namun daji don duk suna gangarowa kogin Gaji shan ruwa, in an yi sa'a har giwaye. Hanyar ce doguwa, Wudil, Birnin Kudu, Ningi, mu kwana Bauchi, washegari mu kama hanyar Gombe mu ratse a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji. Don haka mota nake so mai AC na gaske, ba wanda za a ce gas ya ƙare a Wudil ba, ki sa mijinki ya nemo direban da ya sani ya shiga motar ya gwada da kansa. Shida na safe mu tashi, ba tafiyar dare ko kaɗan. Ya kuma tambayi mutanensa na Bauchi lafiyar hanya in lokacin ya matso, in suka ce a dakata mun fasa, ba dole. Ki shirya min yaranki biyu manya mu tafi da su, kuɗinsu a kaina, so nake su shaƙu. Ki ja musu kunne kar su riƙe abinci a hannu a sansanin, birran wurin fizgewa suke.

Na so Hajiya ta je amma ƙafar ba za ta ɗauki zaman mota ba. Har ina jin nauyin in ɗauke mata jikoki kwana biyu cikin sha huɗu, ki ɗan taɓa mata maganar ki ji, in ranta bai so ba ki faɗa min gaskiya.

Sannan naji abin da Gwaggo ta faɗa a wurin sunan nan, wai na manta gida, 'ya'yana Turawa ne ko gaisuwa basu iya ba. Ya min zafi Yaya, na yi kuka a wurin aiki. Shekara shida ina tsaye da dare kan tsofaffin mutane, wata bai taɓa wucewa ban aiko ba, ita ma ta san wa ya biya kuɗin aikin idonta. Ummi ta kai izu biyar, Abba yana durƙusawa ya gaida babansa kullum safe, Hausarsu bata miƙe sosai ba na yarda, kuma laifina ne da na bari aka daɗe haka ba mu zo ba. Kar ki tanka mata, za ta gani da idonta. Turmin atamfarta ma yana cikin akwati.

Ki turo min lambar takalmin yaranki da sunan maganin ƙafar Hajiya, ki ɗauki hoton kwalin. Kar ki faɗa wa kowa ranar saukarmu sai mijinki, bana son a cika filin jirgi cikin rana. In kuɗin ya shiga ki min flashin, in mai sola ya faɗi farashi ki turo min kafin a biya, kuma dan Allah na sake faɗa, ba ta hannun Auta ba. In ya tambaya ki ce nasa tsarabar na nan daban, waya ce zan kawo masa da hannuna.

Ki gaida Hajiya ki ce ta sa mu a addu'a, ki gaida Baffa da mijinki da yara duka.

Ƙanwarki,
Maman Ummi