Wasiƙa daga Tawa zuwa Abijan

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk ƴan gida da ke tare da ku a Ajame. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara kankama. Inna ta samu saƙonka, tana ta sa maka albarka.

Ka tambayi labarin lakwal, makarantar da nake koyarwa. To, bana ƴan ajina na CM1, aji biyar na firamare, sun zama ƴan kasuwa, kuma da kai za a yi shawara, tunda kai ne ka san kan ciniki.

Leda ce ta jawo abin. Ka san yadda take a garin nan: duk ƙayar da ka duba ta yi baƙi da ita, magudanan ruwa sun toshe, mahauta kuma kullum suna fid da ita dunƙule-dunƙule daga tumbin awaki. Tun 2014 aka yi dokar hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita a Nijar, amma je ka sayi tumatir na dala biyar (sefa ashirin da biyar) ka gani, a cikinta za a ƙulle maka. Ruwanda ta hana tun 2008, Kenya a 2017, su kuma sun bi dokarsu da gaske. Na gaya wa yara haka, sai wata yarinya ta ce mini, "Malam, in an hana, a me za mu sa cefane?" Na ce to, ku nemo amsar da kanku.

Da farko kwandon kaba suka so yi. Kaba tana ruɓewa ta koma ƙasa, akuya ma in ta ci ba abin da zai same ta. Amma saƙa tana cin lokaci, kuma wata tsohuwa mai saƙar faifai da muka gayyato ta gaya musu gaskiya: in kowa ya dinga yankan kaba ba ƙaƙƙautawa, ba za ta samu ta girma ta zama goriba ba. Sai suka koma ga tsofaffin buhunan shinkafa, a wanke, a yanka, a ɗinka jakar cefane, a yi mata hannu da ƙyallayen da tela ke zubarwa. Nan ma wani yaro ya ɗaga hannu ya ce ai buhun ma roba ne. Gaskiyarsa. Muka yi ta muhawara har aka buga ƙararrawa, aka tsaya a kan cewa buhun ya riga ya shigo gari, kuma jaka ɗaya da za ta shekara ta fi ledar da ake yarwa kullum. Amma fa sai in ta shekara ɗin.

Don haka muka gwada ta. Muka zuba gero tiya huɗu a jakar farko, muka rataye a reshen dogon yaro da ke tsakar lakwal. Kafin a tashi, hannun ya ɓalle, gero ya watse, kajin maƙwabta suka yi biki. Da ka ga fuskar masu ɗinkin! Washegari ɗiyar wani baduku ta zo da dabarar babanta: kada a liƙa hannun a bakin jaka, a zagayo da shi ta ƙarƙashi ya tallabe gindin, a ninka ɗinkin. Wadda aka yi haka tana nan, da ita maigadinmu yake ɗauko albasa daga kasuwa.

Inda na fi jin daɗi shi ne lissafi. Buhu dala ashirin, yana fid da jaka biyu. Suka ce a sayar da kowace dala ashirin, kuɗi ya ninka. Na yi shiru na bar su. Sai wata da ke yi wa mahaifiyarta tallar ƙosai, wadda a aji da ƙyar take buɗe baki, ta ce ina kuɗin zare, ina na sabulun wanki, ina ladan telan da ke ba mu aron keke, kuma wadda ta lalace a wajen yanka wa zai biya? Da ka take lissafin, da dala, kafin masu alli su gama rubuta lamba. A ƙarshe aka tsayar da dala hamsin. Yanzu ita ke riƙe da kayen, wato littafin, shiga da fitar kuɗi, uwar kuɗi gefe guda, riba gefe guda, ba mai taɓa uwar kuɗi ko don alewa.

Ba kowa ne ya yi na'am ba. Wani uba ya zo ya ce shi boko ya kawo ɗansa, ba talla ba. Ban ga laifinsa ba, mun ga yaran da talla ta raba da karatu. Na nuna masa cewa ba yaron da ke yawo da kaya a titi, a harabar lakwal ake sayarwa ranar taron iyaye, ribar kuma tana shiga asusun aji don alli da sabulu. Ya saurara, ya juya jakar ciki da waje, ya sayi guda, amma bai ce ya yarda ba.

Matsalar da ta rage ita ce wadda nake son ka duba mana. Leda kyauta ake ba da ita, tamu kuwa da kuɗi. Iyaye sun saya don kunya da ƙauna, wannan ba ciniki ba ne. Yaran suna tunanin su kai wa masu sayar da albasar Galmi su riƙa haɗawa da kaya, wasu kuma sun ce a rubuta sunan mai shago a jiki ya biya rabi. Wanne ka ga zai yi? Kuma in akwai irin jakar da matan can ke zuwa kasuwa da ita, ka ɗauko mana hotonta ciki da waje, musamman wajen ɗinkin hannu, ka turo ta WhatsApp. Na yi musu alkawarin zan karanta amsarka a gaban aji, don haka ka rubuta da kyau.

Ka gaishe da uwargida da yara. Mutanen fada duk suna gaishe ka, suna tambaya ko da kai za a yi Sallar Layya bana.

Naka,
amininka na Tawa