Wanke cikin gaba da sabulu da magunguna yana cutar da mata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai albarka in taɓo wata magana da kunya ta sa muke rufewa, alhali mata suna shan wahala a kanta. Ni ungozoma ce. Da wuya rana ta fito ta faɗi ban ga macen da ta zo da kukan ƙaiƙayi ko raɗaɗi ko wari a gabanta ba. In na tambaye ta yadda take tsarki, sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi, ta ce, "Wallahi Sista ni ba ƙazama ba ce, har ciki nake wankewa da sabulu." Wata ta ce tana ɗiga maganin wanke ciwo a ruwan, wata lemun tsami, wata alimun. Tausayinsu nake ji, domin abin da suke yi don neman lafiya shi ne yake jawo musu ciwon.

Allah Ya halicci cikin farji da tsarin da yake tsabtace kansa. Akwai wasu ƙwayoyi masu amfani da suke zaune a wurin, ana kiransu Lactobacillus, waɗanda wani likitan mata ɗan Jamus, Albert Döderlein, ya bayyana tun 1892. Su ne suke samar da ɗan tsamin da ke hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa. A ma'aunin tsami, inda tsami yake raguwa in lamba ta ƙaru, lafiyayyen farji yana tsakanin 3.8 da 4.5, shi kuwa sabulun wanka yakan kai 9 ko 10. Duk lokacin da aka tura ruwan sabulu ciki, an kori masu gadin gida ke nan an bar ƙofa a buɗe. Bayan kwana biyu sai ƙarni irin na kifi ya taso, sai matar ta ƙara wanki don ta kashe warin, warin kuma ya ƙaru. Haka za ta yi ta fama wata da watanni tana cewa sanyi ne ya kama ta.

Abin bai tsaya a wari ba. Ruwan da aka tura da ƙarfi yana iya ingiza ƙwayoyin cuta su wuce bakin mahaifa su kai hanyoyin ƙwai, su bar tabo. Bincike ya danganta wannan ɗabi'a da ciwon mara mai tsanani, da ciki a wajen mahaifa, da haihuwar bakwaini, da saurin kamuwa da cututtukan da ake ɗauka wajen saduwa. Shi ya sa ƙungiyar likitocin mata ta Amurka take hana yin sa. A can ma an daɗe ana wannan kuskure: tun daga shekarun 1920 aka riƙa tallata wa matan aure Lysol, maganin wanke ɗaki, a matsayin abin wanke gaba, har mata da dama suka ƙone. Masu wankewa bayan saduwa don gudun ciki kuwa su sani ba ya hana ɗaukar ciki, ba ya kuma hana cuta.

Farin ruwa maras wari da mace ke gani, wanda yakan yi yauƙi a tsakiyar kwanakin da ke tsakanin al'ada da al'ada, alamar lafiya ce. Wanda ake zuwa asibiti dominsa shi ne mai ƙarni, ko kore ko rawaya, ko mai gudaji da ƙaiƙayi, ko wanda ya zo da ciwon mara da zazzaɓi, ko jini bayan saduwa. Kowanne da maganinsa daban, wani ma sai an haɗa da maigida an ba shi, in ba haka ba ciwon ya dawo. Turare da sabulu ɓoye alamar kawai suke yi, har likita ya kasa gane abin da ke faruwa in an ɗauki gwaji.

Tsabtar da ake buƙata ba ta da wuya. A wanke waje kawai da ruwa mai tsabta, daga gaba zuwa baya, a tsane. A sa kamfai na auduga, a shanya shi ya bushe sarai. Lokacin al'ada a riƙa canza auduga duk bayan 'yan sa'o'i.

Ina roƙon mazaje su daina gorin wari, su kai matansu asibiti, domin gori ne yake tura mata da yawa ga waɗannan haɗe-haɗe. Iyaye mata kuma su duba abin da suke koya wa 'ya'yansu. Ku ma 'yan jarida, kafin ku karɓi tallan wani ruwa ko sabulu da aka ce yana wanke cikin mace ko yana matse ta, ku nemi likitan mata ku tambaye shi.

Wassalam.

Taku,
Wata ungozoma