Wa ya biya, Kabiru?

Ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, muna nan lafiya, ƙafar mamarka ma da sauƙi.

Yayarka ce ta gaya mini, ba don ta kai ƙararka ba, cewa kun kama ofis, ka ƙara ma'aikata biyu, manhajar da kake ginawa kuwa har yau ba ta fito ba, wai ana ƙara gyara ta. Ka san tun ranar da ka ajiye aiki ban ce uffan ba, duk da surutun kawunka. Ni na tsaya maka. To yau zan yi magana.

Abu ɗaya ke hana ni barci: kana gina abin da babu wanda ya nema, kuma ka zagaye kanka da waɗanda ba za su gaya maka ba. Da na tambaye ka ko mutane na so, ka ce duk wanda ka nuna wa ya yaba. Su wa ka nuna wa? Abokanka, ƙannenka, sai mamarka, wadda ko farar takarda ka miƙa mata za ta ce Allah ya sa albarka. In ka ce wa mutum "za ka yi amfani da wannan?" ai "eh" zai ce, tunda ko sisi ba ta ci masa ba. Tambaye shi yaushe matsalar ta same shi ta ƙarshe, yaya ya yi da ita, nawa ya kashe. In ya tsaya sosa ƙeya ya kasa tunawa, ba shi da matsalar, kai ne ka ɗora masa.

Kada ka ce mini masu zuba jari sun gamsu. Kamfanin Quibi a Amurka ya tara jarin dala biliyan 1.75, da manyan Hollywood a bayansa, ya fito a Afrilun 2020 da gajerun fina-finan kallo a waya, a Oktoban shekarar aka sanar da rufe shi. Juicero ya sayar da na'urar matse ruwan 'ya'yan itace a kan dala 400, sai a 2017 'yan jaridar Bloomberg suka nuna cewa hannu ma yana matse jakar 'ya'yan itacen da ake sa wa na'urar tas. Bai ga ƙarshen shekarar ba. Da masu bincike na kamfanin CB Insights suka bi diddigin kamfanoni 101 da suka durƙushe, dalilin da ya zo kan gaba, kashi 42 cikin ɗari, shi ne kasuwa ba ta buƙatar abin.

Kai kuma kana ɓoye naka, wai kada a sace maka dabara. Wa zai sace? Na san ka tun kana rarrafe, ba ka son a ga aikinka sai ya kammala, kuma ba ka jure a kushe. Tsoron jin "a'a" ne ya zaunar da kai a ofis kana ƙara wannan, kana goge wancan, albashin mutane na tafiya. Wannan ba ƙwazo ba ne, gudu ne, kuma ba haka na rene ka ba.

Ka kuma ce manhajar ta ɗalibai ce, da 'yan kasuwa, da asibitoci. Haba! Facebook ma da ɗaliban Harvard kawai ya fara a 2004. Masu Airbnb, manhajar hayar masauki, a 2009 da ƙafarsu suka bi gidajen masu ba da haya a New York, suna ɗaukar hotunan ɗakuna da kansu, suna sauraron ƙorafi. Zaɓi mutane iri ɗaya, ka ba su abin yadda yake, ka zauna gefe ka yi shiru ka ga inda yatsansu ke tsayawa. In sun bar duk abin da ka sha wahala a kai sun kama ƙaramin abu ɗaya, bi su. Haka Instagram ya fito daga wata manhaja mai suna Burbn a 2010.

Na yi zafi, na sani. Ban taɓa shakkar basirarka ba, kuma abin da na ba ka ba bashi ba ne, kada ya tsaya maka a rai. In mun yi waya bayan ka fitar da ita, kada ka kawo mini yawan waɗanda suka sauke manhajar. Mutum nawa da ba su san ka ba suka biya, nawa suka dawo bayan wata ba tare da ka kira su ba? Ko uku ne, faɗa mini.

Mamarka na gaishe ka, ta ce ka daina kashe waya da dare. Allah ya yi maka albarka.

Babanka