Hoton da rana aka ɗauka, mu kuwa kwana za mu je yi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da na koya a wata biyun da na yi ina shirin fita hutu da iyalina zuwa karkara, mu kwana a tanti a gindin tsaunuka. Ba mu taɓa yi ba. 'Ya'yana biyu sun taso ba su taɓa ganin taurari sun cika sama fal ba, abin kuma yana damuna.

Hotuna ne suka fara jan mu: ciyawa kore shar, ƙorama na gangarowa, ga tanti a bakin ruwa. Da na nuna wa wani abokina da ya daɗe yana irin wannan fita, sai ya tuna mini cewa duk da rana aka ɗauke su, mu kuwa kwana za mu je yi. Maganar nan ita ta sauya mini shirin gaba ɗaya.

Bakin ruwan da ya fi ko'ina kyau a ido, shi ne ya fi muni da dare. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, sai ta gangaro ta kwanta a kwari, ga raɓa, ga sauro. Kuma ana iya tafka ruwa can saman tsauni, kai ko ɗigo ba ka gani ba, sai dai rafin ya cika ya iske ka a kwance. Shi ya sa masu yawon daji ke ja baya kamar mita 60 daga ruwa, su nemi ɗan tudu mai shimfiɗe. Ƙololuwa ma ba wurin kwana ba ce saboda iska da aradu, haka ƙarƙashin bishiya mai busasshen reshe. Zafi kuwa yana raguwa da kusan digiri 6.5 a duk mita 1,000 da ka hau, don haka rigar da ta ishe ka a ƙasa ba za ta ishe ka a sama ba.

Sai muka yi gwaji, muka kafa tantin a tsakar gida muka kwana. Kafawar kaɗai ta ci mana kusan awa guda, da rana tsaka, ba iska. Tantin da aka ce na mutum huɗu ne, ashe huɗun ne a jere ba jaka ko ɗaya. Wajen asuba ƙaramar ta farka tana rawar ɗari alhali ga bargo biyu a kanta. Ta ƙasa sanyin ya shigo, domin ƙasa na zuƙe ɗumin jiki, sai an sa shimfiɗa mai kauri a tsakani. Da gari ya waye kuma muka tarar da jikin tantin ya jiƙe ta ciki. Numfashinmu ne, don mun toshe duk kafofin iska.

A daren nan wani tunani ya zo mini, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Na ce a raina, in mun je can, sai in shigo da garwashin da muka yi girki da shi, mu ji ɗumi. Allah ya sa na tambaya. Gawayi da risho na fitar da iskar kabon monoksaid mai guba, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma garwashin da ka zaci ya mutu yana ci gaba da fitar da ita awanni. Mai ido biyu kan ji ciwon kai da jiri. Mai barci ba ya jin komai, kuma an rasa rayuka ta haka a cikin tanti. Ina roƙon duk mai irin niyyata, wuta ta zauna waje komai sanyi.

Ruwan sha ne ya rage mana kwanakin. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Na lissafa mana lita 4 kowa a rana, sha da girki. Mu huɗu kwana uku ya zama kilo 48. Muka mayar da tafiyar kwana biyu, a wurin da mota ke kaiwa. In ta kama sai an ɗebo na rafi, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, minti uku in an haura mita 2,000.

Na nemi izinin masu wurin, na kuma rubuta wa ƙanena inda za mu sauka da ranar dawowa, tunda ba lallai waya ta samu sabis ba. Muna so mu isa da sauran awa biyu rana ta faɗi. Yaran sun haddace kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, kuma kowannensu ya riga ya sa tocilarsa a jaka.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku