Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar Binciken Sararin Samaniya Ta Ƙasa (NASRDA) Kan Ƙananan Rokoki

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin kimiyya ne a sakandare. Duk shekara nakan huda gorar ruwa daga ƙasa, in hau kan tebur, ruwa na tsiyaya, sai in sake ta. Kafin ta taɓa ƙasa tsiyayar ta tsaya cak, domin gora da ruwan faɗuwa suke tare. Yara su yi ta shewa. Sai dai abin bai kai daƙiƙa ɗaya ba.

Wannan daƙiƙar ce Jamusawa suka mayar minti shida. Tun 1977 suke harba rokokin TEXUS daga Esrange, kusa da Kiruna a arewacin Suwidin. Rokar ba ta kewaya duniya. Tun tana kan hawa inji kan mutu, akwatin gwaji ya rabu da ita, a tsayar da juyawarsa, sai ya ci gaba shi kaɗai, ya haura kimanin kilomita 250, ya faɗo kamar gorata. A wannan tsakanin ake narka ƙarfe, ana duba yadda ƙwayoyin tsiro ke yi in babu sama babu ƙasa. Daga nan lema ta buɗe, jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko kayan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Barazil. Da aka daina ƙera rokar Skylark ta Birtaniya, wadda TEXUS ke amfani da ita, VSB-30 ta Barazil ce ta gaje ta. An fara gwada ta a Alkantara ta Barazil a 2004, shekara na zagayowa tana ɗaukar kayan TEXUS. Turawa da kansu suke saye.

Mu kuwa tun daga NigeriaSat-1 a 2003, duk tauraron da muka mallaka rokar wasu ce ta kai shi. Ga cibiyarku ta Epe a Jihar Legas, mai aikin roka. Roƙona a ba ta kuɗin gwaji akai-akai: a ƙona inji a ƙasa, a auna, sannan a harba, a gwada buɗewar lema. Wadda ta tarwatse ma a faɗi dalili, don da haka ake gyara ta gaba. Kuma a bar wa ɗaliban jami'o'inmu gurbi su saka nasu gwajin, yadda shirin REXUS ke yi wa ɗaliban Turai.

In an sa ranar harbawa, a sanar da makarantu da wuri. Zan nemi mota in kawo 'yan ajina.

Naka mai biyayya,
Wani malamin kimiyya daga Zariya