Hattara da keken kishingiɗe a gangara

Ranka ya daɗe Edita,

Keken da ake tuƙawa a kishingiɗe, ƙafafu gaba, ya fi keken da muka saba gudu a gangara, domin iska ba ta dukan ƙirjin mahayi sosai. Ya kamata mai gwada shi ya fara da gajeriyar gangara, yana ƙara kilomita 5 a awa kowane zagaye.

Tayar gaba mai inci 20 takan faɗa rami da ƙarfi, ga ba damar miƙewa tsaye. A riƙa danna birki ana saki tun kafin kwana, don riƙe shi kam yana zafafa rim, wato ƙarfen da taya ke kai, har tayar ta fashe. Idan kan keken ya fara rawa, a tsaya a duba wuyansa, in ya yi sako-sako a ɗaure shi. Don Allah kada a sauke ƙafa ana cikin gudu, ƙasa za ta fizge ta ƙarƙashin kujera.

Wassalam.